Taƙaitawa: aikin gefe ga mai zuwa ofis kwana biyu a mako

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar nan kan ko ya dace ma'aikacin da ke zuwa ofis kwana biyu a mako, yana aiki daga gida a sauran kwanakin, ya haɗa da aikin gefe.

1. Kusan kowa ya yarda albashi kaɗai ba ya riƙe gida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin motar zuwa Dutse ko Kano ke cinye kaso mai tsoka, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na 2024 kuma bai toshe ramin ba.

2. Noma babu mai ja. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa gona. Ma'aikacin kamfani kuwa, ya duba takardar ɗaukarsa.

3. Kan yin aikin gefe a ranakun aiki daga gida, nan aka rabu. Wasu sun ce in ka gama aikinka, sauran yinin naka ne. Wasu suka ce ranar aiki daga gida ranar aiki ce. Wani ya kawo misalin mai shiga taron ofis ta manhajar Zoom ranar Alhamis daga kasuwar Maigatari, ana jin kukan shanu a bayansa. Ni dai ina tare da na biyun.

4. Kada a taɓa kwamfuta ko datar ofis don aikin gefe. Wannan cin amana ne, babu saɓani.

5. Ga shugabanni: tsananta sa ido korar ƙwararru yake yi. A biya a kan lokaci, a taimaka da sola da data, a sassauta lokacin shuka da girbi.

Ko a sanar da oga tun farko? Masu cewa a faɗa sun fi yawa, sauran suna tsoron a sa musu ido.