Neman shawara: in sa wa tsohuwar Hilux ɗina bustar birki mai aiki da man sitiyari?

Mai Masara Doguwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux mai shan gas, injin 3L, ƙirar 1994, da ita nake ɗauko masara daga Doguwa zuwa Dawanau. Wata uku ke nan birkinta ya yi tauri kamar dutse, sai na miƙe a kan feda kafin ta tsaya. Na canza lainin, na canza fad, masta ma, wato silindar da ke tura man birki, sabuwa ce. Yanzu wani ya kawo min busta, wato abin da ke ƙara wa birki ƙarfi, ta gwanjo da aka ciro daga motar Amurka, Chevrolet, irin wadda ba ta amfani da iska, daga famfon sitiyari take samun ƙarfi. Ya ce 140k har da mastarta. Motata tana da pawa sitiyari. Wanda ya taɓa sawa da hannunsa ya gaya min, zai yi ko asara zan yi?

Abban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ka canza lainin kawai malam, shi ne matsalar.

Direban Ƙauye: In motarka ba pawa sitiyari kada ma ka fara.

Mai Masara Doguwa: Don Allah a dinga karantawa kafin a amsa, duk na faɗa a sama.

Oga Mai Gareji: Alhaji kafin ka kashe ko sisi yi wannan gwajin. Kashe mota, ka taka birki sau biyar ko shida, ka riƙe ƙafarka a kai sannan ka tayar. In feda ta ɗan sauka ƙasa bustarka lafiya lau. In ba ta motsa ba to ko dai iska ce ba ta zuwa ko bustar ce ta lalace. Injin gas ba ya zuƙar iska daga busta da kansa kamar na fetur, shi ya sa 3L take da ƙaramin famfo a bayan altaneta, kuma sau da yawa shi ne yake mutuwa, ko tiyon ya tsage, ko ɗan bawul ɗin da ke kan tiyon. Mutane su canza altaneta su sa wadda famfonta ya gaji sannan su zo suna zagin busta.

Baban Dankali: Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah ka bar wannan abin. Ni na sa, ba labari aka ba ni ba. Wani makanike ya yi min daɗin baki, ya huda bangon injin ya ɗaura, ya yanke sandar feda ya yi mata walda. Satin farko wallahi har alfahari nake, da ɗan yatsa ma sai ta tsaya. Ranar da na ɗauko dankali daga Bokkos ina gangarowa Hawan Kibo sai na ji fus, mai ya watsu a kan injin, sitiyari ya ƙame birki ya ƙame lokaci ɗaya. Na taka sau biyu ya ɗan kama, na uku babu komai. Na jefa ta giya biyu tana kuka na ja birkin hannu, daga ƙarshe gefen dutse na kai ta da gangan don akwai motar fasinja a gabana. Yaron motata ya karye a cinya, wata huɗu yana kwance, uwarsa har yau ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Buhu 22 sun tarwatse a titi. Da aka duba ashe tiyon da ya sa min na banza ne ya ɗaure da kilif, ba irin wanda ake matsewa da inji ba. Na je garejinsa ya ce min ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara amma shi ya ɗaura tiyon.

Abban Hanifa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba, ya ba yaron lafiya.

Oga Mai Gareji: Amin. Amma Baba da bakinka ka faɗa, tiyo ne ya kashe ka ba busta ba. Layin nan matsin mai a cikinsa ya kan wuce psi dubu, daga famfo ya shiga busta, daga busta ya wuce akwatin sitiyari, kilif ba ya riƙe shi. Takun nan biyu da ka samu ma gwangwanin matsattsiyar iskar da ke jikin bustar ne ya ba ka.

Baban Dankali: Ku makanikai haka kuke, kullum laifin na wancan ne. A da in bel ya tsinke ai sitiyari kawai nake rasawa.

Oga Mai Gareji: In na altaneta ne ya tsinke famfon iska ma tsayawa yake, birkin ya yi tauri.

Ɗan Panteka: 140k ya yi yawa, a wajenmu 85k zan samo maka.

Na Ƙofar Ruwa: 85k a wace shekarar? Jiya na ga an sayar 210k.

Ɗan Panteka: Ai Bakano in bai ninka kuɗi ba barci ba ya ɗaukarsa 😂

Na Ƙofar Ruwa: Bazazzage yi shiru, ku da ko taya ba ku saya sai ta biyu 😂 Wadda na gani ta Land Cruiser ce mai moto.

Oga Mai Gareji: To ai wannan daban ce, ta Land Cruiser 100 da lantarki take aiki kuma man birki take sha. Ta Alhaji man sitiyari ce. Kuma a kula, man sitiyari ya shiga masta ko kaɗan ne robobin kumbura suke.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu wani ya sanya ma tashi, jika 70 ya biya, shekara biyu tana aiki. Sai dai in babu kaya tayun baya na saurin kamewa, ya taɓa juyawa da ita bisa laka.

Direban Ƙauye: Ni shekara 27 ina tuƙi, shawarar wanda bai taɓa sauko da lodi a gangare ba ba na ɗauka. Busta ba ta hana duram zafi. In kana lafta mata buhu 25 ko bustar jirgin sama ka sa sai lainin ya ƙone.

Oga Mai Gareji: Kai da ka ce motarsa ba pawa sitiyari?

Direban Ƙauye: Cewa na yi IN babu.

Mai Masara Doguwa: Oga na yi gwajin yanzu, feda ba ta sauka ba ko kaɗan. Amma famfon bayan altanetar wata biyu da suka wuce na saye shi, Beljiyam aka ce min.

Baban Dankali: Beljiyam ɗin bayan shago. Su wanke tsohon kaya da fetur su fesa fenti su zuba a leda. Man birki ma yanzu haka ne, na sayi gwangwani an rubuta DOT 3, na zuba a hannu kamar ruwan kwata, ko santsi babu.

Na Ƙofar Ruwa: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Baba. Ku ne in an ce ga mai kyau ga mai araha sai ku miƙa hannu ga mai araha.

Abban Hanifa: Ni filtar gas aka sayar min, da na yanka ta soso ne a ciki, nozul huɗu ta ci min. Wai ina ake samun filta ta gaske yanzu?