Sola, fanel, inbata: a taya ni neman sunayensu da Hausa

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan, masana harshe da masu haɗa sola su taya ni.

Mun haɗa kuɗi ni da ƙannena mun sa wa Inna sola a gida. Da yaron da ya yi aikin ya sauko daga kan kwano, sai ya durƙusa yana yi mata bayani: "Hajiya, in kika ji inbata tana ƙara, batir ne ya yi lo, sai a rage lod. Kuma a riƙa goge fanel." Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "Me yaron nan yake cewa?" Na buɗe baki zan fassara, sai na ga kalmomin babu su a bakina. Ga shi kuwa ita ce za ta zauna da kayan nan dare da rana, mu duk tafiya za mu yi.

Da a ce sola kayan 'yan boko ce kamar da, da ban damu ba. Amma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A Nijar ma, da Najeriya ta katse wutar da take ba su a Agustan 2023, tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 da ke gefen Yamai na cikin abin da ya rage musu raɗaɗi. Yau duk unguwar da ka shiga, ɗaga kai kawai za ka yi. Mai cajin waya, mai kemis, mai sayar da ƙanƙara, masallaci, rijiyar burtsatse, kowa da nasa a sama. Abin da ya shiga tsakar gida haka, ai ya kamata a raɗa masa suna.

Bari in fara da ita kanta "sola". Ni ba na cikin masu cewa a kore ta. Asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin rana, amma ta riga ta zauna a bakinmu kamar yadda mota da keke da lantarki suka zauna. Damuwata ita ce mun ɗora mata kaya fiye da ƙima. Abin da ke kan rufi sola, fitilar kan titi sola, 'yar tocilar da ake shanyawa a rana sola, wutar da ke zuwa sola. Mutum zai ce "sola ta lalace", alhali waya ɗaya ce ta tsinke. Wani kuma ya je kasuwa sayen "sola", a haɗa shi da ƙaton batir da ɗan ƙaramin abin da ba zai iya cika shi ba, bayan wata shida batir ya mutu, ya dawo yana cewa sola yaudara ce. Wanda bai san sunan gaɓoɓin abu ba, da wuya ya san inda aka ƙware shi.

Ita wutar, gidajen rediyo suna cewa "wutar lantarki mai amfani da hasken rana". Daidai ne, babu kuskure a ciki, sai dai kalma bakwai ce. Babu matar da za ta leƙa ta katanga ta faɗa wa maƙwabciyarta kalma bakwai. Shawarata: wutar rana. Muna da wutar Nepa (sunan da har yau bai bar bakinmu ba, duk da an canza wa hukumar suna tun 2005), muna da wutar inji, to ga wutar rana ta zo ta ukunsu.

Saura abin da ke kan rufi, da akwatin da ke ƙara, da ƙaramin da ke tsakaninsu da batir. Ina sauraronku.

Ƙari bayan la'asar:

Na gode ƙwarai, ban zaci za a amsa da yawa haka ba. Bari in ɗauki waɗanda suka fi tsaya mini.

Wani malami, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce "wutar rana" za ta sa mutane su ɗauka zafin rana ne ke ba da wutar. Malam, Allah ya ƙara sani, wannan magana taka babba ce, domin kuskuren ya riga ya yaɗu. Na sha jin ana cewa "yau rana ta ƙwalle, sola za ta cika". Gaskiyar ita ce haske take ci, ba zafi ba. Ƙwayoyin da ke ƙarƙashin gilashin da silikon ake yin su, wanda ake tacewa daga dutse da yashi, kuma haske ne ke motsa su su ba da wuta. Zafi ma rage musu ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfinsu ne a digiri 25, a Maris da Afrilu kuwa gilashin kan wuce digiri 60 a kan kwano, sai abin da suke bayarwa ya ragu. Shi ya sa masu aikin kirki suke barin rata tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Duk da haka, Malam, ina nan a kan bakana, da dalili ɗaya: Bahaushe in zai ambaci zafi, "zafin rana" yake cewa. "Wuta" kuwa ta daɗe da zama lantarki a wurinmu: an kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta. Wanda ya ji "mun koma wutar rana" ba zai yi tunanin gumi ba. Abin da na ɗauka daga gyaranka shi ne, a rubutu da wajen koyarwa a riƙa cika ta, a ce "wutar hasken rana", a baki kuma a gajarta.

A kan fanel aka fi kai ruwa rana. An kawo faifai, allo, madubi, gilashi, faranti. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce su can "fano" suke ji, daga Faransanci, wanda ya ƙara nuna mini cewa in muka tsaya kan aro kawai, Kano da Maraɗi za su riƙa kiran abu ɗaya da suna biyu.

Madubi na cire shi tun farko, domin madubi mayar da haske yake yi, wannan kuwa shanye shi yake yi. Faifai zagayayye ne, kuma faifan bidiyo ya riga ya kama shi. Gilashi sunan fuskar kawai ne. Allo ya burge ni sosai, siffar ta dace, kuma kalma ce mai daraja a wurinmu. Amma faranti ya riga shi shiga bakin mutane, ana jin "farantan sola" a labarai, ga shi yana da jam'i mai sauƙi. Kuma akwai wani alheri ɓoye a cikinsa: kowa ya san faranti wanke shi ake yi. A ƙasar da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura, sunan da zai tuna wa mutum ya hau ya goge ya yi rabin aikin. Na ga gidan da suka yi wata biyu suna zargin batir, ashe ƙura ce ta yi kauri a sama har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Aka zuba ruwa da sassafe aka goge da tsumma mai laushi, wuta ta dawo. To, farantin rana.

Inbata. Wani mai wannan sana'a ya ce a bar ta yadda take, don haka ake kiranta a kasuwa, kuma in ka je da wani suna ba za a gane ka ba. Ɗan'uwa, ban ƙi ba, a kasuwa a ce inbata. Amma Inna tana bukatar ta san aikinta. Wutar da faranti ke bayarwa, wadda batir ke ajiyewa, hanya ɗaya take bi kamar ruwan kwata. Wadda firji da fanka suka saba da ita kuwa kai da komo take yi, sau 50 a sakan ɗaya. Aikin akwatin nan shi ne juya ta farko ta zama ta biyu. Harshenmu yana da hanyar ƙera sunan kayan aiki tun kaka da kakanni: buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi, zuba ya ba mu mazubi. To juya me zai hana ya ba mu majuyi? Wani ya kawo "tafinta", wai tana fassara wata wutar zuwa wata. Hikima ce mai kyau, zan yi amfani da ita wajen bayani, amma a matsayin suna majuyi ya fi gajarta kuma ya fi faɗin aikin kai tsaye.

Ƙaramin akwatin da ke hana batir cika ya wuce ƙima, ko komawar wuta baya da dare, babu gardama a kansa. Mutum uku suka ce "mai gadin batir", na karɓa hannu bibbiyu.

Batir kuma a bar shi batir, ya tsufa a cikinmu tun zamanin rediyo da tocila. Shi kuma "lod", wani direba ya tuna mini cewa ai muna da lodi tuntuni a tasha. "Lodi ya yi yawa, a sauke." Ban ga abin da za a ƙara a kai ba.

Ƙari bayan isha'i:

Na kira Inna na gwada mata. Na ce, "Inna, farantan da ke sama su ne ke tara wutar rana, kamar yadda kwano ke tara ruwan sama ya biyo indararo. Batir shi ne randa. In majuyi ya yi ƙara, randa ce ta kusa ƙasa, sai ki sauke lodi, ki kashe firji ki bar fitila da fanka." Na ƙara mata da cewa irin batirinta mai ruwa ne, ba a son a riƙa shanye shi ya wuce rabi, ba kamar na litiyam ba da ke jure a kwashe shi sosai.

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ai da haka ya faɗa tun farko. Randa kuwa ba a kwashe ta tas, tsagewa take yi in ta bushe." Ta ce gobe da sassafe za ta sa jikanta ya hau ya wanke farantan kafin rana ta ɗaga. Ta kuma ce tun da aka sa, ba ta sake aika a sayo mata ƙanƙara ba, kuma yara suna karatun dare a tsakar gida ba tare da ƙarar inji ba.

Abu ɗaya ya rage ban samu ba. Ma'aunin nan da ake rubutawa a bayan faranti, wat 300 ko wat 550, da wanda ake rubutawa a jikin batir, mutane suna cakuɗa su, alhali ɗaya ƙarfin zubowa ne, ɗaya kuma girman randa. A wurin nan ne aka fi cutar masu saye. Wanda yake da kalma biyu da za su raba su, ya ajiye mana a ƙasa.