Me za mu kira "dumping" da Hausa?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu 'yan kasuwa, taimako nake nema. Ina digiri na biyu a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Jos, bincikena a kan dokokin ciniki tsakanin ƙasashe ne, kuma ina so in taƙaita babi ɗaya da Hausa don 'yan kasuwa su amfana. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce "dumping". A rediyo kullum "jibge kaya" nake ji, ni kuwa ban gamsu ba.

Ga abin da doka ke nufi. A sashe na 6 na GATT, wato babbar yarjejeniyar haraji da ciniki tsakanin ƙasashe ta 1947, da yarjejeniyar da ta fayyace shi wadda ta fara aiki tare da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, ma'anar ita ce kamfani ya kai kayansa wata ƙasa ya sayar kan kuɗin da bai kai wanda yake sayar da irinsa a gida ba. A ce masaƙa tana ba 'yan ƙasarta turmin atamfa a kwatankwacin naira 20,000, mu kuma ta ba mu shi a 15,000, bayan an cire kuɗin dako da sauransu. Dubu biyar ɗin nan ita ce maganar. Ko kwantena ɗaya ce ta shigo, sunan ya hau kanta. To ina jibgewa a nan?

Mai Atamfa, Tamunus:
Wa alaikumus salam 'yata. Mu a kasuwa in mutum ya yi haka cewa muke ya karya kasuwa, ko ya zubar da kaya. Amma ni a sanina abin da ya durƙusar da masaƙun Kaduna ba shi ne wannan da kike faɗi ba? Da idona na ga lokacin da 'yar Kaduna ke cika shago, yau ka ɗaga turmi goma da wuya ka sami ɗaya na gida.

Barista:
Baba, Allah ya ƙara girma, abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Wanda ya biyo ta bayan kwastan bai biya haraji ba, fasa-ƙwauri ya yi, laifi ne kai tsaye. Wanda gwamnatinsa ta sauƙaƙa masa lantarki da bashi, tallafi ya samu, wannan ma yarjejeniyarsa daban. Akwai kuma wanda kawai ya fi mu iya yi da arha, a gidansa ma haka yake sayarwa, shi doka ba ta da abin cewa a kansa. Masaƙunmu sun sha fasa-ƙwauri da rashin wuta da tsadar baƙin mai, ba sai an ɗora wa kalma ɗaya duk wannan kaya ba.

Ƙanwata, "jibge kaya" kada ki yar da ita, tana da gurbinta. Sashe na 19 na GATT ya yi maganar kaya da suka yi ambaliya cikin ƙasa har suka jikkata masana'antun gida, ko da farashinsu babu ha'inci. Can ne jibgewa ta zauna daidai, don magana ce ta yawa.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode Yaya. "Zubar da kaya" fa? Tsorona kada mai sauraro ya tuna bola, ya ɗauka ana nufin gwanjon kasuwar Katako ta Jos ko tsofaffin firji da talabijin da ake turo mana. Kayan da muke magana a kai na iya zama sabo fil, mai kyau.

Malamin Hausa:
Kin yi gaskiya. Bature ya ɗauko kalmarsa daga zubar da shara, ba dole mu bi shi har juji ba. Abin da ake taɓawa farashi ne, to farashi ya fito a sunan. Ina ba da shawarar karya-farashi, da karan ɗori, a bisa ƙirar fasa-ƙwauri: aikatau a gaba, abin da aka yi wa aikin a baya. Bakin Bahaushe ya saba da ita, kuma tana haihuwa: mai karya-farashi, binciken karya-farashi. Sai dai masu rubutu a waya su kula, k ce marar lanƙwasa. Kuka sa mata ƙugiya kun mai da ita ƙarya, kun yanke wa kamfanin hukunci tun ba a zauna ba.

Mai Atamfa, Tamunus:
Allah gafarta Malam, ai ni ma ina karya farashi in salla ta wuce kaya suka kwanta mini. Ke nan Janeba, hedikwatar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, za a kai ni?

Barista:
Baba ya kama mu. Dole ƙetare ta shiga sunan, don sai kayan sun tsallake iyaka, kuma farashi biyu ake gwadawa, na gida da na waje. Wani abin lura, ba sharaɗi ba ne kamfanin ya yi asara. Yana iya cin ribarsa a 15,000 ɗin, in dai a gida 20,000 yake sayarwa. Idan kuwa ba ya sayar da kayan a gida, ana duba yadda yake ba wata ƙasa ta uku, ko a lissafa kuɗin da ya kashe wajen yin sa a ɗora riba gwargwado.

Kuma Janeba ba ta kama ɗan kasuwa. Ƙungiyar ba ta haramta abin ba, dama kawai ta ba ƙasar da aka cuta ta ƙara haraji. Kafin nan sai hukumar ƙasar ta yi bincike ta tabbatar an karya farashin, ta tabbatar masana'antar gida ta ji jiki ko tana gab da ji, sannan ta nuna karyawar ce ta jawo. Na ukun nan ne ke fid da gumin lauyoyi. In bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba a rufe fayil, harajin kuma yana faɗuwa bayan shekara 5 sai in an sake dubawa an ga dalilin ci gaba. Kanada ce ta fara irin wannan doka a 1904. Mu ma muna da tamu tun 1958, kafin 'yancin kai, tana nan a littafi tana shan ƙura, alhali yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019 ita ma ta tanadi wannan mataki.

Malamin Hausa:
To karya-farashin ƙetare. Ta ɗan yi tsawo, amma a rubutun bincike tsawo ya fi ruɗu. A ambace ta cikakkiya a farko, daga baya a gajarta.

Ɗalibar Shari'a:
Malam na karɓa. Saura harajin da ake ɗorawa. Na so in ce harajin ramuwa.

Barista:
A'a ƙanwata, ramuwar gayya tana fin ta gayya zafi, shi kuwa wannan an hana shi wuce bambancin da aka gano. Dubu biyar aka karya, iyakarsa dubu biyar. Ki kira bambancin giɓin farashi, harajin kuma harajin cike giɓi. Ramuwa ki ajiye ta ga matakin da ƙasa ke ɗauka idan ta ci shari'a a ƙungiyar amma abokiyar ƙararta ta ƙi gyarawa.

Ɗalibar Shari'a:
Madalla. Abin da zan sa a babin: karya-farashin ƙetare, farashin gida, giɓin farashi, harajin cike giɓi, jibge kaya kuma ta koma sashe na 19.

Mai Atamfa, Tamunus:
Ku rubuta yadda kuka ga dama, mu dai a shago karya kasuwa za mu ci gaba da cewa. 'Yata, in kin gama ki kawo mini kwafi biyu, ɗaya zan kai wa shugabannin ƙungiyarmu.