Kano a watan Janairu: yaya sanyin yake, me za mu ɗauko?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum jama'a. Za mu taso daga Kumasi zuwa Kano bikin ƙanwata a mako na biyu na Janairu, za mu yi kamar mako uku. Da mahaifiyarmu za mu zo, ta haura shekara 70 kuma tana da asma, sai yara biyu, ɗan shekara huɗu da 'yar wata goma. Mu ma a nan muna ganin hunturu, amma 'yan'uwa na can suna ta cewa namu wasan yara ne. Don Allah wanda ya san garin ya gaya mini gaskiya: sanyin ya kai ina, wane irin kaya za mu ɗauko, kuma da gaske ne hazo yana hana jirgi sauka?

Malamin Taswira:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kawo ku lafiya.

'Yan'uwanka ba su yi ƙarya ba. A Kano cikin Janairu, da asuba ma'auni yakan tsaya wajen digiri 13 ko 14 na Salshiyos, in sanyin ya yi tsanani ya taɓa 10. Da rana kuma, tsakanin azahar da la'asar, ya hau 29 ko 30. Ka ga tsakanin asuba da azahar akwai tazarar digiri 15 ko fiye, kuma wannan tazarar ce take kayar da baƙo. A Kumasi dare yawanci wajen 20 yake tsayawa, ga daji yana riƙe laima. Kano ba abin da zai riƙe ta. Rabon garin da ruwan sama tun Oktoba, kuma ba za a sake gani ba sai wajen Afrilu ko Mayu. Laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Lema da rigar ruwa dai ku bar su a gida.

Dalilin sanyin dare shi ne bushewar nan. Ba gajimare, ba tururi a iska, don haka duk zafin da ƙasa ta sha da rana da magariba ta yi sai ya tsere sama. Haka za a yi ta hucewa har gari ya waye. Shi ya sa mafi tsananin ɗari ba tsakar dare ba ne, daga kiran assalatu ne zuwa fitowar rana, wato daga wajen biyar da rabi zuwa bakwai saura. Ƙarfe goma ka fara cire rigar sanyi, sha biyu ka nemi inuwa, bayan isha'i ka koma neman rigar.

Ita kuma ƙurar, mafi yawanta daga Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, kusa da Faya-Larjo. Busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi ne na zamanin da. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe farar ƙasar wurin mai laushi kamar gari. Tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce zuwa Kano, takan ci kwana ɗaya zuwa biyu. Da haka masu hasashen yanayi suke iya yin gargaɗi kafin ta iso: in ƙura ta tashi a can yau, gobe ko jibi tana kanmu. Ka riƙa duba sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, suna fitar da hasashen kwana uku.

Hazon ba kullum ba ne, zuwa yake yi kashi-kashi. Ya rufe gari kwana uku ko huɗu, rana ta koma kamar farin faranti da za ka iya kallo ido da ido, sannan ya washe. A ranakun da ya yi kauri, yini ma yakan yi sanyi, don rana ba ta samun ratsowa.

Batun jirgi gaskiya ne. In nisan da ido ke iya gani ya ragu ƙwarai, akan jinkirta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, wani lokacin a soke tashin ko a karkatar da jirgin Abuja. Ku iso aƙalla kwana uku kafin ɗaurin aure. A komawa ma kada ka haɗa jirgin Kano da na Akara a rana ɗaya, ka bar kwana guda a tsakani a Legas ko Abuja. Kuma ku yanki tikitin safe: in an ɗage shi akwai sauran yini, na yamma kuwa in an ɗage sai gobe.

Ma'aikaciyar Jinya:

Malam ya gama da lissafi, ni kan Hajiya da jaririyar zan tsaya.

Ga mai asma, sanyin da sauƙi a kan ƙurar. Ƙurar hunturu ta fi ta shara laushi nesa ba kusa ba, tana wuce hanci ta shiga can cikin huhu, ga busasshiyar iska mai sanyi tana ƙara matse hanyar numfashi. Kafin ku taso ta ga likitanta, a duba magungunanta. Abin shaƙa na gaggawa, mai launin shuɗi, a zo da guda biyu, a duba ranar lalacewarsu, ɗaya ya zauna cikin jakar hannunta, kada a jefa shi akwati. In tana da na kullum na rigakafi, kada ta tsallake ko rana ɗaya don ta ji sauƙi. Kuskuren da aka fi yi ke nan. A saya mata takunkumi N95 kamar guda goma, tana canzawa in ya yi datti ko ya jiƙe. Na yadi da lulluɓin mayafi suna ɗumama iskar da za ta shaƙa, wannan ma amfani ne, amma ƙura mai laushi tana ratsa su.

Yanzu ga abin da ba a cika tunawa ba: gidan biki za ku. Turaren wuta zai tashi a kowane ɗaki, an kuma rufe tagogi saboda sanyi. Hayaƙin nan a rufaffen ɗaki ya fi hazon waje tayar da asma. Tun kafin ku iso ku roƙi masu gida a ware wa Hajiya ɗakin da ba za a kai kasko ba, ba maganin sauro na kunnawa, ba feshin turare. Gidan sauro ya wadatar. Kada a yi shara tana ciki, kuma mai sharar ta yayyafa ruwa tukuna, ko ta goge da jiƙaƙƙen tsumma. Da dare a jiƙa tawul a matse a rataye kusa da gadonta. Za ka tarar da shi ya bushe ƙayau da safe, ruwan nan kuwa cikin iskar ɗakin ya tafi, abin da ake so ke nan.

In ta shaƙa maganin ba ta ji sauƙi ba, ko ta kasa ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko leɓenta ya canza launi, asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne. Ranar da kuka sauka ku tambayi asibitin da ya fi kusa mai aiki da dare.

Yaran kuma, a sa musu kaya hawa-hawa yadda za a iya ragewa: singileti, riga mai dogon hannu, rigar sanyi, hula, safa. Iyaye suna naɗe jariri da asuba su manta da shi haka har azahar, ya yi gumi sharkaf, iska ta busar da gumin a jikinsa. Da hantsi a fara ragewa. Wanka sau ɗaya ya isa, da ruwan ɗumi, bayan rana ta ɗaga, sabulu kaɗan. Mai kuma a shafa tun jiki da sauran danshi, cikin minti biyu ko uku da fitowa. In aka bari fata ta bushe aka shafa, sama-sama zai zauna, kafin azahar yaro ya yi furu-furu. Man kaɗe da basilin sun fi ruwan mai mai ƙamshi aiki a nan, kuma man kaɗe kuna da mai kyau a Gana, ku taho da shi. Mai son gilisarin ya sirka, kashi ɗaya da ruwa kashi uku, kada a shafa shi tsura.

Hanci zai bushe ya toshe, musamman na 'yar wata goman, har ta ƙi kama nono. Ɗigon ruwan gishiri na kemis, biyu a kowace ƙofa kafin shayarwa. Man zafi kada ya je hancinta. In babban ya yi haɓo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hancin minti goma ba saki. Ɗaga kai sama da ake yi jinin yake turawa maƙogwaro. Mura da tari kusan sai sun yi, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin lura shi ne numfashi: ka ƙirga na minti ɗaya yaro yana kwance shiru. In na jaririyar ya kai 50, ko na ɗan shekara huɗun ya kai 40, ko ka ga ƙasan ƙirji yana lotsawa, a kai su asibiti, yana iya zama limoniya.

Sannan lokacin sanƙarau yana farawa da rani, ya fi tsanani a Maris da Afrilu, amma cunkoson kwana a ɗaki ɗaya irin na biki yana taimaka masa. Ku tambayi allurar rigakafinsa aƙalla kwana goma kafin tafiya. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida.

A sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Ba za ka ga gumi ba, amma iskar tana zuƙe ka.

Tsohon Birni:

Duk abin da suka faɗa haka yake, sai dai Malam, kada a tsorata baƙo. Ba kowace shekara ake muku-muku ba. Wata shekarar Janairu yakan zo da sauƙi, sai asuba kawai, wata kuma jaura ta kaɗa mako guda cur kowa ya takure a bakin teburin mai shayi. Ka yi shirin mai tsananin. Manya rigar sanyi ɗaya mai kauri da ɗaya marar nauyi, yara bibbiyu saboda wanki, safa ƙafa uku-uku. Bargo kada ka wahalar da kanka da ɗaukowa, ana samu a kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari, a ƙofar Wambai kuma ga na gwanjo.

Abu biyu ke kashe mutane a wannan lokaci, kuma duka a cikin ɗaki suke. Na farko garwashi. A shigo da kaskon gawayi don jin ɗumi, a rufe ƙofa da taga, a kwanta. Gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari marar launi, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe wutar da ruwa kafin a shiga. Na biyu hita ta bokiti. A jona ta, a ɗauke wuta, a manta ba a zare ba, a fita. Wuta ta dawo, ruwan ya ƙone, bokitin roba ya narke ya kama. Komai a bushe yake, katifa, labule, silin, ga iska tana hurawa, minti kaɗan gobara ta ci ɗaki. Da an ɗauke wuta a zare hita daga soket, kuma kada yaro ya sa hannu a ruwan tana jone.

Ruwan tankin sama da asuba kamar ƙanƙara yake, amma wajen ƙarfe biyu rana ta gasa shi. A tari na alwalar Hajiya a fulas tun dare. Wanki yana bushewa cikin awa biyu, to a juya kayan bai-bai a shanya, a kwashe da wuri, in ba haka ba farar shaddar ɗaurin aure ta koma ruwan ƙasa a kan igiya. Akwati a rufe, abinci a rufe. Burodin da aka bari a buɗe da safe, kafin la'asar ya zama na jifa. In ka ja bargo cikin duhu ka ga tartsatsi, ko ƙofar mota ta ɗan ja ka, bushewar iska ce, ba komai.

Faso kuma ba ya jin kunyar baƙo. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, a goge da dutse a hankali, a cika dunduniya da basilin, a sa safa a kwana. Matan da za su yi lalle su fi kowa kula, don lalle yana ƙara busar da fata.

Daɗin lokacin shi ne kayan lambu. Tumatir na Kadawa da Kura yana shigowa, ga karas, kabeji, latas da rake, duk da araha. Sanyin da kuke gudu shi masu alkama suke roƙo, in bai yi ba ba ta cika ido.

Ɗan Zango:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar turaren wuta ko kaɗan ba ta zo mini ba. Tambaya ɗaya ta rage: Hajiya tana so a kai ta Zariya gaida 'yar'uwarta, kwana ɗaya a dawo. Sammako ya fi ko a jira?

Tsohon Birni:

A jira. Da sassafe hazo da hayaƙi suna kwanciya ƙasa-ƙasa a kan titi, ga manyan motoci da suka kwana suna tafiya, ga shi lokacin ne iska ta fi yi wa ƙirjinta illa. Ku tashi wajen tara da rabi, tafiyar kamar awa biyu ce in hanya ta yi kyau. Gilashi a rufe, direba ya sa na'urar sanyaya mota ta riƙa juya iskar ciki. In an shiga hazo ya kunna ƙaramar fitila, babbar tana dawo masa da haske ido ne kawai. Ku baro Zariya da an yi la'asar, don rana tana faɗuwa wajen shida da kwata, kuma da ta faɗi sanyi yake saukowa. In aka wayi gari daga ƙofar gida ba ka hango ƙarshen layinku, a ɗage ziyarar zuwa jibi.