Neman shawara: ina zan ɗaura sarƙa idan zan fitar da injin tare da giya?

Assalamu alaikum, iyayen gidana a wannan sana'a. Shekarata ta uku ke nan ina koyon kanikanci a Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma maigidana ya yi tafiya ya bar mini wata Peugeot 504 a-kori-kura da ke jigilar albasa daga Goronyo, ya ce in fitar da injin da giya a haɗe. Muna da cen bulok, wato na'urar ɗaga kaya mai sarƙa, mai ɗaukar tan 1, wanda muka saba ratayawa a reshen dogon yaro. Abin da ya dame ni shi ne kunnen ɗagawa na baya, wato ƙarfen jikin injin da ake maƙala sarƙa, ya ɓace, na gaba kaɗai ya rage, kuma wani abokina ya ce in naɗa sarƙar a manifol kawai, wato bututan iska ko hayaƙi da ke gefen injin. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, shi ya sa nake neman shawararku.

Amsa daga wani tsohon bakanike a Arkilla:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ɗaura a manifol, ko a mariƙin altaneta, ko a wani bututu, domin ba a yi su don ɗaukar nauyin injin ba. Ka nemi kunne daga wani injin irinsa wurin masu kayan gyara, idan kuma ba ka samu ba, ka ɗaure ƙarshen sarƙar da noti a wani rami mai ƙarfi na jikin injin, ta kusurwar da ke kallon kunnen gaba. Ka duba kan notin ka ga an buga 8.8 ko 10.9, wato lambar ƙarfinsa, ka sa washa mai faɗi don kada zoben sarƙa ya zame, kuma ka ɗaure shi har ya zauna, domin notin da aka bari da tsawo a waje lanƙwashewa yake yi. Idan ramin na alminiyam ne, zaren ya shiga ninki 2 na kaurin notin. Na taɓa ganin zaren da ya tsige injin yana sama, ya faɗo ya fasa lagireto, kuma tazarar da ke tsakaninsa da hannun yaron da ke riƙe da shi ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Amsa daga wani mai gareji a Kwannawa:

Ƙanena, ka lura da buɗewar sarƙar. Idan reshenta biyu suka buɗe har digiri 120, kowanne yana ɗauke da nauyin injin gaba ɗaya, saboda haka ka ba ta tsawo ta tsaya ƙasa da digiri 90. Giya tana rinjayar da nauyi baya, kuma dole wutsiyarta ta sunkuya kafin injin ya fito, don haka ka juye man giya tukuna, ka tallafe ta da jak kafin ka kwance mazauninta. Ka cire batir, bonet da lagireto, ka kwance salansa da wayar at, wato wadda ta haɗa injin da bodin mota, sannan ka ɗaga kaɗan ka tsaya ka duba ko wani abu yana riƙe.

Amsa daga wani direba a Wamakko:

Malam, ni reshen bishiyar ne ya fi tsorata ni, domin gara tana cin dogon yaro ta ciki ba tare da an gani ba. Ka ari ƙarfe mai ƙafa uku, ka kafa shi a ƙasa mai tauri, kuma idan kun ɗaga injin sama, motar za ku tura baya, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na samu kunnen yau da hantsi, kuma maƙwabcinmu ya yarda ya ara mini ƙarfen gobe bayan Azahar.