Mussata ta mai da ɗakina mahauta, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi mini dariya, abin ya fara hana ni barci.

Muna zaune can bayan Runjin Sambo a Sakkwato, inda gidaje ba su gama haɗewa ba, ga kangwaye ga filaye, fadama kuma ba nisa. Bara ɓeraye sun addabe mu a sito, buhun gero da na shinkafa duk sun huda, har takardun maigidan ba su bari ba. Maƙwabciyata ta ba ni 'yar mussa, na raine ta da madara da kan kifi. Ta yi aikin da aka kawo ta dominsa, cikin wata biyu muka daina jin gudu a silin.

To da na gida suka ƙare sai ta koma farautar waje, kuma duk abin da ta kamo cikin ɗakina take kawo shi. Ƙadangare ba wutsiya, kurciya da fuka-fukanta warwatse a ƙarƙashin gado, jemage sau ɗaya. Jaba kuwa ba ta ci, kashewa kawai take ta ajiye, ran nan a kan dardumata na tarar da ita, sai da na wanke sau uku warin bai fita ba. Duk wannan na jure. Amma daren Talata, kafin kiran assalatu, na ji tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa kamar bakinta a cike. Na haska fitilar waya, sai ga ɗan maciji bai kai kamu biyu ba, a gefen katifar da yarona yake kwance, jelarsa tana motsi. Wata tara gare shi, rarrafe yake, komai ya gani baki. Wallahi har yanzu in na tuna jikina rawa yake.

Ga ƙanwar maigidan tana zaune da mu da cikin wata biyar. Ga zafin nan na bazara, wuta ba ta zama, ba mai iya rufe ƙofa ya kwana. Maigidan ya ce buhu zai sa ta ya kai ta bakin kasuwa ya saki. Hajiyarsa kuma ta ce mussar da ke ajiye mushe a bakin ƙofa ba banza ba, a bincika. Ni kuma na saba da ita, kuma na san ranar da ta bar gidan ɓeraye za su dawo. Yaya zan yi?

Wata 'yar uwa daga Mabera: Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri, sai da na yi dariya a wajen darduma, amma da na zo kan macijin na daina. Tawa ma haka take, fara da gyare take kawo mini ta zauna tana kallona sai na yaba. Ni na ɗauka tsaraba ce. Maciji dai ba ta taɓa ba, Allah ya tsare.

Wata dattijuwa daga Ƙofar Marke: Ke ɗiyata, mussa ba ta da laihi, ku kunka ɓata ta. Mu da munka tashi, mussa wurinta zaure da gindin rumbu, ba a san ta bisa gado ba. Inda take kwana nan take kai abin da tak kamo, ke kin ba ta ɗakinki ta ɗauka nata ne. Kuma ki duba cikinta, in ta haihu ko tana shirin haihuwa abin ƙaruwa shikai, don haka suka koya ma ɗiyansu, su fara kawo matacce, daga baya su kawo mai rai. Zancen a bincika kuwa, ki ce ma Hajiya ina gaishe ta, tun muna yara mussa ke aje kusu bakin ƙohwa, ba wanda ya mutu.

Wani magidanci daga Dange: Hajiya, maganar gaskiya maigidanki ya fi ki gaskiya. Ran yaro ake magana. Ƙaramin maciji a ƙasar nan ba abin rainawa ba ne, kububuwa ko ta girma ba ta da wani tsawo, kuma cikin macizai ita ce ta fi kashe manoma a arewa. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi. Ki rabu da ita, ki sa maganin ɓera.

Wani likitan dabbobi: Ranki ya daɗe, bari in ɗan tsawaita, don kullum ana kawo mana irin wannan ƙorafin.

Farautar kyanwa ba ta da alaƙa da yunwa kamar yadda mutane suke zato. Ko ta ƙoshi, in abu ya gifta a gabanta sai ta bi. Abin da ta kama kuma takan ɗauke shi zuwa inda ta fi samun natsuwa, inda wani muzuru ba zai ƙwace ba. Inna ta faɗi daidai, ɗakinki ne gidanta. Duka ko tsawa ba ya hana ta, sai dai ta koyi ɓoyewa, ki koma jin wari ba ki san daga ina ba.

Lokacin da ta fi farauta shi ne daga magariba zuwa bayan isha, sai kuma goshin asuba. Saboda haka ki mai da babban abincinta daf da magariba, kuma ya zama mai nama ne, kan kaza, kayan ciki, kifi, a dafa. Tuwo da miya ba abincin kyanwa ba ne, cika mata ciki kawai yake. Masu bincike a jami'ar Exeter ta Ingila sun gwada wannan a gidajen mutane, suka fitar da sakamakon a 2021. Kyanwoyin da aka koma ba su abinci mai yawan nama, abin da suke kawowa gida ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Waɗanda ake wasa da su minti biyar zuwa goma kullum, ya ragu da kashi 25. Wasan ba wani abu ba ne, a ɗaura gashin kaza a zare a kan kara, yara su riƙa ja tana kamawa. Ki lura, raguwa na ce. Ba abin da zai sa ta daina gaba ɗaya, don haka babban aikin shi ne hana ta shiga ɗakin kwana, ba hana ta farauta ba.

Malam na Dange, maganin ɓera a gidan da yaro ke rarrafe ya fi kyanwar haɗari. Ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, yana fitowa yana tangaɗi, kyanwa ko kaza ta ci shi ita ma ta tafi, ga ƙwayoyin maganin da yaro zai iya tsinta.

Sai allura. Kyanwa tana kamuwa da ciwon haukan kare kuma tana yaɗa shi, ana yi mata rigakafi tun daga wata uku. Ki kai ta asibitin dabbobi, akwai na gwamnati akwai kuma na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai cin ɓera da ƙadangare ba ta rabuwa da tsutsar ciki, a ba ta magani aƙalla duk wata uku. Kuma don Allah ko ta yi rashin lafiya kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin kaska na karnuka, wasu guba ne a jikin kyanwa.

Mai tambaya: Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. Tuwo da ragowar shinkafa nake ba ta tun da kifi ya yi tsada, ashe ni na jawo. To ƙararrawa fa? An ce in ɗaura mata a wuya.

Likitan dabbobi: Wasu tana yi musu aiki, amma a wancan binciken ba a ga wani bambanci ba, da yawa suna koyon tafiya ba tare da ta kaɗa ba. Kuma ke da kike son ta kama ɓeran sito, in ta yi aiki ai kin gargaɗi ɓeran ne. In za ki ɗaura, kada ki yi da igiya ko tsumma mai ƙulli. Mai hawa katanga da bishiya tana iya maƙalewa ta shaƙe.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Gawon Nama: Anti, ni abin da ya fi damuna yadda kike kwashe su. Kada ki taɓa mushen ɓera ko jemage da hannu. Ki zura hannu a leda biyu ko ki sa shebur, ki ƙulle, a binne ko a ƙone, wurin kuma a zuba ruwan Hypo a bar shi ya ɗan jima kafin a goge. Kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma da rani ya fi tashi. Ondo da Edo da Bauchi ya fi yawa, amma ba a sakaci da shi ko'ina. Macijin da kike gani ya mutu ma kansa yana iya sara, da sanda za a ɗauka. In Allah ya kiyaye ya sari wani, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, asibiti kai tsaye. In kyanwar ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 sannan a je a ga likita.

Mai cikin kuma kada ta kusanci kashin kyanwar. Akwai ƙwayar cuta, toksoplasma, da kyanwa ke ɗauka daga ɓera da tsuntsu, ta fito a kashinta, tana iya yi wa ɗan tayi illa. Shafa ta ba shi ne matsalar ba, kashin ne. In kuna da tulin yashi a tsakar gida, can take binnewa, ku rufe shi, yara ma su daina wasa a ciki.

Wani malamin Islamiyya daga Arkilla: Malama, ta fuskar addini kyanwa ba najasa ba ce. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, shi ya sa ragowar ruwan da ta sha ake alwala da shi. Dardumar dai a wanke jinin da mushen ya bari. Ajiye mushe a ƙofa ɗabi'arta ce da Allah ya halitta ta a kai, camfa shi ba shi da asali, amma ki bi Hajiya a hankali, uwa ce, tsoro ne ya sa ta faɗa. Maigida kuma a tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. In za ku killace ta da dare, da abinci da ruwa. In kuma rabuwar ta zama dole, a ba wanda zai riƙe, kamar masu shagon hatsi, ya fi a jefar da ita inda yara za su jefe ta.

Wani mai kiwon tattabaru: Kowa yana ta lallashin mai kyanwa, ba wanda ya tuna da mu. Hajiya, kin tabbata duk kurciyoyi ne? Ni 'yan shila shida na rasa a wata guda, kyanwar maƙwabta ce, na gan ta da idona a kan katanga da asuba, da na yi magana aka ce ai dabba ce. Dabba ce, amma mai ita mutum ne. Ki zagaya ki tambayi masu kaji da tattabaru a layinku tun kafin wani ya sa mata guba ku ɓata.

'Yar uwa daga Mabera: Malam mai tattabaru ka yi gaskiya, amma kai ma ka sa wa akurkinka waya mana. Kyanwar Lami kake so a unguwa, ba cizo ba yakushi?

Mai kiwon tattabaru: Na sa, Hajiya. Kuɗin wayar ne ba wanda ya taya ni.

Mai tambaya: 'Yan uwa na dawo, yau kwana tara. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigidan amsoshinku, ya yi shiru, ya ce a gwada wata ɗaya, in ta sake kawo maciji ba ruwansa da hadisi na biyu, shagon hatsi za ta. An kira kafinta ya yi mana ƙofar raga a ɗakin kwana, iska na shiga ita ba ta shiga. Da yake aikin ne ya gano ragar tagar bayan gado ta yage daga ƙasa, ashe ta nan take shigowa ko an tura ƙofa. An share ciyawa da tulin bulon da ke bayan katanga, a ƙarƙashinsa aka ga saɓar maciji.

Yanzu sito take kwana, da ruwanta da kwalinta. Daren farko ta yi kuka har maƙwabta suka aiko. An yi mata allura, kuma Inna, Allah ya ƙara girma, kin canka, likita ya ce ciki gare ta, saura kamar mako uku. Ban gaya wa Hajiya wannan ba tukuna. Na tambayi masu kaji a layinmu, mutum ɗaya ta ce 'yan tsakinta biyu sun ɓata, na ba ta haƙuri na biya, ko da yake ba ta ga wanda ya ɗauka ba.

Ɗakin dai ba abin da ya sake shiga. Amma yau da asuba maigidan ya fito zai tafi masallaci, ya zura ƙafa a takalminsa da ke bakin ƙofar ragar, ya ji abu mai laushi. Jaba ce. Ya ce in tambaye ku ko wannan ma yana cikin kashi 36 ɗin.