Wace wayar tebur ce za ta iya da teburin karɓar baƙi na asibiti?

Manajar Asibiti ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wayoyin ofis. Ni ce nake kula da gudanarwa a wani asibiti mai zaman kansa a Kano, wanda yake da ɗakunan ganin likita, da ɗakin gwaje-gwaje, da sashen ɗaukar hoto, da ɗakin magani, da ofishin kuɗi. Idan aka haɗa su gaba ɗaya, wuraren da suke buƙatar waya sun kai 16. Abin da muke da shi yanzu a teburin karɓar baƙi shi ne wayoyin tebur guda uku masu amfani da SIM, kowace da lambarta, kuma ma'aikata biyu ne suke zama a wurin da rana, ɗaya da dare.

Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe wayoyin nan ba sa hutawa. Idan mai neman sakamakon gwaji ya bugo, babu hanyar da za a haɗa shi da ɗakin gwaji, sai dai a ce ya kashe, a nemi ɗakin ta wayar hannu, sannan a sake bugo masa, alhali ga mutane tsaye suna jiran a ciro musu kati. Abin da ya fi damuna shi ne masu larurar gaggawa da suke bugowa su tarar ana kan layi.

Masu sayarwa uku sun kawo mini farashi. Ɗaya ya ce Yealink, ɗaya ya ce Grandstream, na ukun kuwa ya ce kada in kuskura in bar Panasonic. Wace ce ta dace da irin wannan tebur, kuma me ya kamata in duba kafin in biya?

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo ga wayar kanta, ya kamata a gane cewa ba a kan tebur matsalarku ta fara ba. Layin SIM ɗaya kira ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, saboda haka ko wace irin waya aka girke, muddin mutum goma suka bugo lambar da suka fi sani, tara za su tarar ana kan layi. Abin da kuke buƙata da farko shi ne na'urar rarraba kira, wato PBX, wadda duk kiran da ya shigo zai fara faɗawa cikinta, ta jera masu jira, ta kuma ba kowane ɗaki gajeriyar lambarsa ta cikin gida. Daga nan sai a zaɓi hanyar da kira zai riƙa shigowa: ko dai akwatin da ake zuba masa SIM huɗu ko takwas, irin su Yeastar TG400 da TG800, ko kuma layin SIP daga kamfanin sadarwa, wanda lamba ɗaya ce amma tana ɗaukar kira da yawa a tare.

Game da wayar teburin, abin da nake fara dubawa shi ne maɓallai masu fitila da ake kira BLF. Kowane maɓalli ana ɗaura shi a kan ɗaki ɗaya. Idan fitilarsa koriya ce, wayar ɗakin babu kowa a kai. Idan ja ce, ana magana. Idan tana ƙyaftawa, wayar tana ringi ba a ɗauka ba. Mai karɓar baƙi za ta san halin da ɗakin gwaji yake ciki tun kafin ta tura kiran, kuma dannawa ɗaya ya ishe ta.

Yealink T46U tana da maɓallai 10 a gefen allonta, waɗanda ake shirya su shafi uku su ba da 27, ana kuma iya jona mata ƙarin allo mai suna EXP43 mai maɓallai 20 na zahiri. Grandstream GXP2170 ita ma tana karɓar nata ƙarin allon. Dukansu da tsarin SIP suke aiki, wato tsarin bai-ɗaya na tura kira ta hanyar sadarwar kwamfuta, don haka ba dole ba ne wayar da na'urar rarraba kiran su fito daga kamfani ɗaya, ko da yake saiti ya fi sauƙi idan sun fito. Ɗakunan likitoci ba sa buƙatar irin wannan babbar waya. Ƙarama irin Yealink T31P ta wadatar, kuma a nan ne za ku rage kashe kuɗi.

Batun wuta kuwa, ki tabbata wayoyin masu karɓar wuta ne ta kebul ɗin sadarwa, wato PoE. Ta haka dukansu daga suwic ɗaya, wato akwatin da kebul ɗin sadarwa suke haɗuwa a cikinsa, suke shan wuta, kuma idan aka ɗora suwic ɗin da PBX da akwatin SIM a kan inbata, ɗauke wutar NEPA ba za ta yanke kiran kowa ba a tsakanin lokacin da ake tayar da janareto. Sai dai kada tsawon kebul daga suwic zuwa waya ya wuce mita 100.

Tsohuwar Mai Karɓar Baƙi ta amsa:

Hajiya, abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ni daga ɓangaren wadda za ta wuni a kan kujerar zan yi magana, domin na daɗe ina wannan aiki a wani otal a Kaduna. Maganar maɓallai 27 a shafi uku tana da daɗin ji a takarda. A wurin aiki kuwa, lokacin da mutum yake gabanki yana miƙo kati, wani yana kunnenki yana faɗa, waya ta biyu kuma tana ringi, babu mai natsuwar juya shafi ya nemi ɗakin hoto. Hannu ne yake haddace wurin maɓalli, ba ido ba. Tunda ɗakunanku 16 ne, ki sayi ƙarin allon nan mai maɓallai 20 tun ranar farko, kowane ɗaki ya sami gurbinsa na dindindin, waɗanda aka fi nema a sa su a sama, kuma kada wani ya sauya musu wuri bayan ma'aikata sun saba.

Abu na biyu shi ne abin sawa a kunne mai makirufo. Mai karɓar baƙi a asibiti rubutu take yi tana magana, kuma idan babu shi, maƙale kan wayar za ta riƙa yi tsakanin kunne da kafaɗa tun safe har la'asar. Wuyan mutum ba ya jure wannan, na ga waɗanda ya kai su ga neman magani. Ki zaɓi mai kunne ɗaya domin ɗayan kunnen ya ji wanda yake tsaye a gabanta, kuma kowace ma'aikaciya a ba ta nata, kada a riƙa karɓa-karɓa, balle ma a asibiti.

Akwai kuma hanyoyi biyu na tura kira. Ɗaya ita ce a jefa shi kai tsaye a ajiye, ɗaya kuma a fara magana da wanda za a tura wa, a ce masa ga wane yana neman kaza, sannan a haɗa su. Ga likita, hanya ta biyun ce ta dace, domin yana iya kasancewa da mara lafiya a gabansa. Ki sa mai saiti ya tsara yadda kiran da ba a ɗauka ba zai dawo tebur bayan ringi kaɗan, kada ya ɓace. Babu abin da yake ɓata wa mai kira rai kamar a tura shi, ya yi ta jira, layi ya yanke, ya sake bugowa ya maimaita bayani daga farko.

A roƙi mai saitin kuma ya bambanta ringin kiran waje da na cikin gida. Allon ma a duba shi a inda za a girke wayar, domin hasken taga yana iya hana a karanta suna, sannan a tanadi abin rufewa da ƙyallen gogewa saboda ƙurar hunturu.

Mai Gyaran Wayoyi ya amsa:

Ranki ya daɗe, bari in ɗan kare mai sayarwa na uku, domin ba banza ya faɗi maganarsa ba. Panasonic KX-TES824 tana farawa da layin waje 3 da na ciki 8, ana faɗaɗa ta har zuwa 8 da 24, wato ɗakunanku 16 za su shiga. Wayarta ta tebur, KX-T7730, tana da maɓallai 12 masu fitila, kuma na'ura ce mai juriya wadda duk mai gyara a Sabon Gari ya san cikinta. Ba ta buƙatar kebul na kwamfuta, siririyar wayar tarho ta ishe ta.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa. Kamfanin ya janye daga ƙera irin waɗannan na'urori, saboda haka abin da yake kasuwa ragowar kaya ne ko wanda aka yi amfani da shi. Nuna lambar mai kira ma sai an ƙara mata wani kati daban, kuma tunda layukan girke na NITEL sun daɗe da mutuwa, kowane SIM sai an nemo masa akwatin da zai mayar da shi layin tarho. Wanda yake da ita a bango tana aiki, ba na ba shi shawarar ya cire. Wanda zai fara daga tushe kamar ku, ba zan ce ya zuba kuɗinsa a kanta ba.

Manajar Asibiti ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu biyu ne suka rage mini. Lambobinmu uku suna jikin allon asibiti da katunan marasa lafiya tun shekaru, ba za mu iya sauya su ba. Sannan intanet ɗinmu yakan yanke, to idan ya yanke wayoyin ma sun mutu ke nan?

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

A'a, Hajiya. Idan PBX ɗin yana cikin gininku, kiran ɗaki zuwa ɗaki ta kebul na cikin gida yake bi, bai haɗa hanya da intanet ba. Kiran waje ma, idan ta akwatin SIM yake shigowa, ƙarfin sabis na kamfanin waya kawai yake buƙata. Wanda yake dogara da intanet shi ne PBX ɗin da ake haya a wurin wani kamfani, da kuma layin SIP da aka biyo da shi ta intanet, kuma da irin bayanin da kika yi ba zan ba ku shawarar dogara da su kaɗai ba.

Don haka ku cire SIM ukun nan daga wayoyin tebur ku zuba su a akwati mai gurbi huɗu, ku ƙara sabon layi a gurbin da ya rage. A kan kowace lamba sai a kunna tura kira idan ana kan layi, da lambar **67* wadda duk layukan GSM suke ganewa, ta yadda kira zai tsallaka zuwa layi na gaba. Ki sani cewa kuɗin kiran da aka tura daga layinku ake cirewa, don haka a riƙa lura da kuɗin da ya rage a layin. Akwatin kuma a girke shi inda sabis yake da ƙarfi, ba a kuryar ɗakin ajiya ba.

Kafin ki biya, ki ce mai sayarwa ya kawo waya ɗaya da ƙarin allonta a gwada a teburin da safiyar Litinin, a hannun ma'aikatan da za su yi aiki da ita, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa zai miƙa miki kalmar sirrin shiga na'urar da kwafin saitinta ranar da ya gama aiki.